Jif Ruwa-Biyu: Ba A Yabon Ɗan Kuturu Sai Ya Shekara Arba'in Da Yatsa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana cewa tallafin man fetur ya kau, hirar masu motoci a ƙasar nan ta sauya salo. A da idan aka zauna taɗin mota, gudunta ake tambaya da kyan ƙirarta da sanyin na'urarta. Yau kuwa tambayar farko ita ce, yaya shan manta? Wannan ba abin mamaki ba ne, ganin cewa litar da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin waccan rana ta haura Naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A cikin wannan hali ne wata baƙuwar kalma ta shiga bakin 'yan boko da 'yan kasuwa da dillalan motoci, wato haibirid, motar da ke tafiya da injin mai da kuma na lantarki a haɗe. Da can ƙananan motoci aka sani da wannan fasaha, to amma yanzu ta kai ga uwar jif-jif baki ɗaya, wato Land Cruiser, kuma waɗanda suka riga kowa saye sun cika kunnuwanmu da yabo. Ra'ayina a nan shi ne, akwai gaskiya a cikin wannan yabo, sai dai bai kai matsayin shaidar da mutumin Arewa zai ɗora dukiyarsa a kanta ba, ballantana a ɗora dukiyar al'umma.

Da yake nazarin harshe ne fagena, bari in fara da sunan. Bahaushe ba ya yi wa mota suna sai ta zauna da shi ya ga halinta. Haka Peugeot ta zama Fijo, Mercedes ta zama Marsandi, Canter ta zama kanta, sunan kamfanin Jeep kuma ya zama jif, ya haɗiye duk wata mota mai tsawon ƙafa ko wane ne ya ƙera ta. Wasu ma daga aikinsu ko tarihinsu suka samo suna, kamar a-kori-kura da A Daidaita Sahu. Wannan sabuwar baƙuwa ba ta kai ga samun nata ba tukuna, kuma hakan kansa manuniya ce cewa ba mu gama saninta ba. Ni dai a wannan rubutu zan kira ta ruwa-biyu, kamar yadda muke kiran wanda ya haɗa jini biyu, domin haka take: rabi 'yar gidan fetur, rabi 'yar gidan lantarki.

Sai dai matsalar ta wuce rashin suna. Kalma ɗaya ce ake sayar mana da ita, alhali abubuwa uku ne mabambanta a ƙarƙashinta. Akwai wadda ɗan ƙaramin injin lantarki kawai aka maƙala mata domin ya taimaka wajen tashi, ba ya iya tura motar shi kaɗai. Irin wannan ce aka sa wa Land Cruiser mai shan gas ta kasuwar Turai a 2025. Akwai wadda ke cajin kanta a kan hanya, musamman duk lokacin da aka taka birki, kuma tana iya ɗan rarrafawa da lantarki zalla. Wannan ita ce zuriyar Prius, wadda Toyota ta fara sayarwa a Japan a ƙarshen 1997. Akwai kuma wadda ake jona wa wuta a gida kamar wayar hannu, irin Jeep Wrangler 4xe da ta fito a 2021, mai iya yin kimanin kilomita 34 ba tare da ta taɓa mai ba. Mai saye idan ya ji an ce haibirid, Prius ce ke zuwa masa a rai, wadda sabon samfurinta ke yin wajen kilomita 24 da lita ɗaya. Dillali kuma ba zai wahalar da kansa wajen gyara masa wannan fahimta ba, tunda ita ce ke kawo ciniki.

To wace iri ce sabuwar jif ɗin? Kamfanin Toyota ya daina sayar da tsohuwar Land Cruiser mai silinda takwas a Amurka bayan 2021, sannan a 2024 ya dawo da sunan a kan wata ƙira da ake kira 250, wadda a wasu ƙasashe take ɗauke da sunan da muka fi sani, wato Prado. A kasuwar Amurka ruwa-biyu kaɗai ake sayar da ita. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.4, da turbo, an cusa injin lantarki mai ƙarfin doki 48 tsakaninsa da giya mai hawa takwas, gaba ɗaya suna ba da ƙarfin doki 326. Ƙafafunta huɗu duk suna ja a kowane lokaci, kuma ana iya kulle su su riƙa juyawa tare idan an shiga yashi ko taɓo. Batirin yana kwance a ƙarƙashin daɓen but. Farashinta na farko ya kusa dala 56,000, wanda a canjin 2024, lokacin da dala ta haura Naira 1,500, ya kai wajen Naira miliyan 84 tun kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan.

Abin da masu sayen farko da masu gwajin motoci suka yi ta faɗa ya kusa zama baki ɗaya. Sun yaba da yadda take fizga daga tsaye ba tare da jinkiri ba, domin injin lantarki ba ya jiran komai kafin ya ba da ƙarfinsa. Sun yaba da shirunta a cikin cunkoso, da laushin tafiyarta, da yadda take hawa duwatsu a hankali ba tare da gurnani ba. Sun kuma ji daɗin soket ɗin da ke bayanta mai ba da wuta har wat 2,400, wanda zai riƙe firji da fanka da fitilu. A ɓangaren ƙorafi kuwa, sun ce batirin ya ɗaga daɓen but har ya sa loda kaya ya yi wuya, ya kuma cinye wurin kujerun baya na layi na uku. Sun ce tankinta ƙarami ne, lita 68 kacal. Da yawansu sun ce man da take sha a doguwar tafiya, musamman idan an taka ta, ya ɗara abin da aka rubuta a takarda. Wasu kuma, masu kewar tsohon inji, sun ce muryar silinda huɗu ba ta dace da girman sunan ba.

Ni malamin jami'a ne, kuma mai karatu ya san abin da hakan ke nufi ta fuskar aljihu, saboda haka ba a matsayin mai ita nake magana ba. Amma kwanakin baya wani abokin karatuna da ya bi hanyar kasuwanci, wanda ya shigo da irinta daga Amurka, ya ɗauke ni a cikinta daga cikin birnin Kano zuwa gonarsa da ke bayan gari. Abin da na ji an faɗa na gani. A cikin cunkoso sai injin ya mutu da kansa, sanyi bai yanke ba, motar ta riƙa silalewa kamar jirgin ruwa. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, muka ratsa wani busasshen rafi mai yashi, ko gezau ba ta yi ba. Wata huɗu ke nan da ya saye ta, kuma bai gaji da yi mata kirari ba. Da na tambaye shi wa zai kai wa ita ranar da wata fitila ta kama a gaban sitiyari, sai ya yi dariya ya ce ai Toyota ba ta lalacewa. Wannan amsa, wadda na tabbata ita ce amsar mafi yawan masu irin wannan mota, ita ce maƙasudin wannan rubutu.

Kafin mu kai can, bari mu yi lissafin man, tunda shi ne hujjar farko. Bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, sabuwar jif ɗin tana yin mil 23 da galan ɗaya, wato kusan kilomita 10 da lita guda. Tsohuwar mai silinda takwas kuwa mil 14 take yi, wato wajen kilomita 6. Wannan ragi ne na gaske, babu mai musu. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara zai tsira da lita kusan 1,300, idan muka ƙaddara lita a kan Naira 1,000 ya zama Naira miliyan 1.3. To amma abin tambaya a nan shi ne, daga ina ragin ya fito? Kamfanin da kansa ya ba mu ma'auni, domin yana sayar da 'yar'uwarta 4Runner ta 2025 da wannan inji iri biyu, mai batir da marar batir. Marar batir mai jan ƙafa huɗu tana yin mil 21, mai batir tana yin 23. Bambancin bai kai kilomita ɗaya a lita ba. Abin da batirin ya ƙara da gaske shi ne ƙarfi: doki 278 ya koma 326, ƙarfin murɗa taya kuma ya ƙaru da kusan rabi. Ashe ke nan mafi yawan tsimin daga rage girman inji ya zo, shi kuwa lantarkin an sa shi ne domin ya cike gurbin ƙarfin da aka rasa.

Daɗin daɗawa, batirin da ake ta zuzutawa ba wani babba ba ne. Wutar da yake iya adanawa ba ta kai ta batirin inbata guda ɗaya mai amfiya 200 ba, irin wanda da yawanmu muke da shi a lungun falo. Saboda haka wanda ya saye ta da tunanin zai riƙa zuwa ofis da lantarki, ko zai kwana yana haska gida da ita ba tare da injin ya tashi ba, ya yi ciniki ne da kalma. Ban ce wannan aibi ne ga motar ba, domin an ƙera ta ne ta yi ƙarfi kuma ta yi shi. Aibin yana ga yadda muke fassara sunanta.

Yanzu mu dawo ga yabon. A al'adarmu mun bambanta kirari da shaida. Kirari aikin maroƙi ne, ana yin sa a gaban mai abu domin a faranta masa, ba a kuma neman hujja a kansa. Shaida kuwa sai wanda ya gani, ya daɗe yana gani, kuma ba shi da riba a cikin abin da zai faɗa. Idan mai karatu ya saurari kalaman masu sabuwar mota da kunnen basira, zai ga duk siffofi ne na abin da jiki ke ji nan take: ƙarfi, shiru, laushi, sanyi, ƙamshi. Babu kalma ɗaya a ciki da ta shafi juriya, domin juriya ba a jin ta, sai dai a ƙirga ta da shekaru. Bugu da ƙari, mutumin da ya zuba miliyan ɗari a kan abu, idan ya yabe shi hankalin kansa yake yabo, kuma ba kowa ne zai fito a wata na huɗu ya ce wa jama'a bai yi dabara ba. Magabata sun taƙaita mana wannan da suka ce amarya ba ta laifi. Ita kuwa mota, kamar aure, sai an ci kwanakin amarci ake sanin zaman da za a yi.

Tarihin 'yan shekarun nan ya tabbatar da haka. Jeep Wrangler 4xe ta sha yabo a shekarunta biyu na farko, har ta zama kan gaba a cikin masu jona wuta a kasuwar Amurka. Sai a ƙarshen 2023, sannan kuma a 2024, kamfanin ya yi kiranyen dubban motocin saboda haɗarin batirin ya kama da wuta, har aka shawarci masu su da su riƙa ajiye su a waje, nesa da gini. Ita ma Toyota, a 2024 ta yi kiranyen motoci kimanin 102,000 samfurin Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin sabon injinsu mai silinda shida tun daga masana'anta, daga baya ta ɗauki nauyin sauya injinan. Waɗannan ba masu batir ba ne, amma darasin ɗaya ne: sabon inji yakan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ya faɗi abin da ke cikinsa. Kamfanin da ya amsa kuskurensa ya gyara ya cancanci jinjina. Sai dai wasiƙar kiranye adireshin Texas ta sani, ba ta san Nasarawa ko Tudun Wada ba, kuma wanda ya shigo da mota ta hannun dillali shi da wannan gata sai dai labari.

Ko da a ce motar ba ta da wata matsala daga masana'anta, shaidar Ba'amurke shaida ce a kan Amurka. Akwai tambayoyi huɗu da ƙasarmu kaɗai za ta amsa. Ta farko ita ce mai. Kamfanin ya ƙayyade wa samfurin Amurka fetur mai daraja ta sama, lamba 91 a lissafinsu, wadda ta yi daidai da kusan 95 a lissafin Turai. A can mutum yana zaɓar darajar da yake so a bakin famfo. A nan kuwa abin da aka zuba maka shi ne rabonka, kuma ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya kwantar da motocin bayin Allah. Ƙaramin inji mai turbo da ke jan jiki mai nauyin sama da tan biyu ba shi da haƙurin tsohon inji a kan gurɓataccen mai, balle na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka.

Ta biyu ita ce zafi da ƙura. Babban abokin gabar batir shi ne zafi, kuma a Maiduguri da Sakkwato da Nguru ma'aunin zafi yakan haura 40 daga Maris zuwa Mayu, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Irin waɗannan batura da iskar cikin mota ake sanyaya su, wata 'yar fanka ce ke zuƙo ta ta wata kafa mai matata. Wanda ya san abin da hazon hunturu yake yi wa labule da kwamfuta ba ya buƙatar a faɗa masa abin da zai yi wa wannan matata idan ba a share ta. Aikin minti goma ne, amma sai wanda ya san da zamanta.

Ta uku ita ce nisa. Lita 68 a kan kilomita 10 ba ta kai kilomita 700 ba ko a takarda, daga Kano zuwa Maiduguri kuwa kusan kilomita 600 ne, kuma ba a kan takarda ake tafiya ba. Tsohuwar Prado a wasu kasuwanni da tanki biyu take zuwa, masu ɗaukar lita 150. Ga wanda ke yawo tsakanin Maitama da Asokoro wannan ba komai ba ne. Ga likitan da zai kai rigakafi ƙauyukan bakin Tafkin Chadi, ko injiniyan da ke duba rijiyoyin burtsatse a arewacin Yobe, girman tanki ya fi ƙarfin doki muhimmanci.

Ta huɗu, wadda ta fi duka nauyi, ita ce bakanike. Mu tuna dalilin da ya sa Fijo 504 ta mallaki titunanmu bayan an fara haɗa motoci a Kaduna a 1975: babu garin da za ta tsaya maka ba ka samu mai gyara da kayan gyara ba. Mu kuma tuna abin da ya faru da motoci masu injekta suka fara shigowa, yadda aka riƙa cire musu ita ana mayar da su kafireto saboda ita hannu ya saba da ita. Har gobe akwai garejin da maganin zafin inji a wurinsu shi ne a cire abin da ke daidaita zafin a jefar. Ba raina makanikanmu nake yi ba. Mutanen da suka riƙe motocin da Turawa suka yar shekara ashirin suna tafiya sun fi ƙarfin raini. Amma wannan mota ba ta gyaruwa da kunne da gwaji. Wayoyinta masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 288, fiye da wadda ke cikin soket ɗin gida, kuma mai riwaya da ya taɓa su kamar yadda ya saba taɓa batir mai bolt 12 yana iya rasa ransa. Tana buƙatar na'urar bincike, da safar hannu ta musamman, da wanda ya iya karanta abin da na'urar ta faɗa. Mutum nawa ne irin wannan a Ƙofar Ruwa ko Fanteka a yau?

Ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya ba Land Cruiser sunan da har abokina yake rantsuwa da shi. Tun da aka fara ƙera ta a 1951, ba laushin kujera ne ya ɗaukaka ta ba. Abin da ya sa sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a kan Hilux da Land Cruiser a 1987, har yaƙin ya samu laƙabin Yaƙin Toyota, kuma abin da ya sa ƙungiyoyin agaji har yau suke riƙe da samfurin 70 da aka fara tun 1984, shi ne sauƙin ƙira: ƙarfe ne da kowa ya gane, idan ya tsaya a tsakiyar Sahara direba da sifana za su tashe shi. Wancan suna gadon kakanni ne, jika kuwa sai ta nemi nata. Hasali ma kamfanin ya fi mu sanin haka. Da ya tashi fitar da Lexus LX 700h a ƙarshen 2024, babbar jif ruwa-biyu, sai ya bar mata sitata da altaneta irin na da, domin ko ɓangaren lantarki ya samu matsala motar ta iya kai mai ita gida, ya kuma killace batirin yadda ruwa ba zai shige shi ba. Idan maƙerin da kansa ya ga buƙatar ajiye sanda a bayan ƙofa, mai saye bai kamata ya fi shi sakankancewa ba.

Kada a fahimce ni a matsayin mai cewa a guji wannan fasaha. Masu cewa mota mai batir kayan Turawa ce da ba za ta jure wahala ba, su ma ba su da hujja. Motocin Prius sun yi aikin tasi a manyan biranen duniya sun ci dubban ɗaruruwan kilomita da batirinsu na asali. Ƙasar Mongoliya, mai munanan hanyoyi da sanyin da ke daskarar da komai, ta cika da tsofaffin Prius daga Japan, saboda sassaucin haraji ya jawo su, makanikai kuma suka koyi gyaransu har suka ƙware. Wato abin yana yiwuwa idan an shirya masa. Kuma ko mun so ko mun ƙi, nan duniya ta dosa: a 2025 babbar Land Cruiser 300 ma ta samu nata samfurin ruwa-biyu a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda zafi da yashi suka fi kama da namu. Shaidar da za ta fito daga can nan da 'yan shekaru ta fi ta Amurka amfani gare mu.

Saboda haka ga inda na tsaya. Attajirin da ya ga zai iya, ya saya, kuɗinsa ne, kuma yana yi mana aikin gwaji kyauta. Abin da kawai za mu roƙe shi shi ne ya riƙa rubuta abin da ya kashe da abin da ya gani, ya ba mu labari bayan shekara uku. Gwamnati kuwa hukuncinta daban ne. Ba mu manta da ce-ce-ku-cen ƙarshen 2023 ba, lokacin da jaridu suka ruwaito cewa za a saya wa 'yan Majalisar Wakilai su 360 jif-jif da aka ƙiyasta kowace a kan Naira miliyan 160, aka kuma kafa hujja da lalacewar hanyoyi. Ina jiye mana ranar da za a sake zuwa da irin wannan buƙata, a wannan karo da sabuwar hujja mai daɗin ji, wai tsimin mai da kare muhalli. Duk ɗan jarida ko ɗan ƙasa da ya ji haka, ya ɗauko alƙalami: motar da za ta tsimin Naira miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara, shekara nawa za ta yi kafin ta biya miliyan ɗari da wani abu? Kuɗin irin wannan mota guda biyu sun isa a sayi na'urorin bincike da kayan kariya a kafa ajin koyar da gyaran ruwa-biyu a wata kwalejin kimiyya da fasaha.

Wannan shi ne aikin da ke gabanmu, kuma ya shafi mai karatu fiye da yadda yake zato. Mafi yawanmu, malamai da likitoci da ma'aikata, ba sabuwar mota muke saye ba, 'yar Kwatano muke jira, wadda ta yi shekara takwas ko goma a hannun wani. Garantin da Toyota ke bayarwa a kan irin wannan batir a Amurka shekara 10 ne ko mil 150,000, wato kimanin kilomita 240,000. Ma'ana, jif ɗin 2024 za ta iso hannun irinmu daidai lokacin da garantin ya ƙare ko yake gab da ƙarewa, wasunsu ma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. A ranar, ba shirun injin ne zai dame mu ba, sai dai nawa ne batir, a ina ake samunsa, wa zai gwada lafiyarsa kafin a biya kuɗi, kuma ina za a kai mataccen don kada ya ƙare a hannun yara 'yan gwangwan. Muna da 'yan shekaru kafin wannan rana. Ya kamata Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa da hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna da ƙungiyoyin makanikai su zauna tun yanzu, a tsara horo na gajeren lokaci ga waɗanda ke cikin gareji, ba sai masu takardar shaida kaɗai ba. Ya kamata kuma a yi wannan horo da Hausa, a fassara littattafan gyaran, a samar da kalmomin, domin yaron da ke kwance a ƙarƙashin mota a Fanteka ba da Turanci yake tunani ba. A nan mu ma masu nazarin harshe muna da namu kason aikin, kuma sassanmu na jami'a ba su da uzurin jira sai an gayyace su.

Sabuwar jif ɗin kyakkyawar mota ce, kuma mai yiwuwa ne nan gaba ta tabbatar da cewa ta gaji iyayenta. Idan ta yi shekara goma tana shan manmu, tana shaƙar ƙurarmu, tana fita daga hannun makanikanmu da ranta, Bahaushe da kansa zai raɗa mata suna, ba sai wani malami ya ƙirƙiro mata ba. Kafin nan, wanda ya saya ya ji daɗin amarcinsa, wanda bai saya ba ya kasa kunne, masu riƙe da baitulmali kuma su ji tsoron Allah. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma kai mu gidajenmu lafiya.